Ranar da Ɗan Barewa Ya Tsaya

Mai hoto ya kwanta rub da ciki a ciyawar bayan gonar surukinsa, kyamara daidai idon ɗan barewa. Ya daɗe yana bin hoton nan don shiga gasa, amma da ya saita sai uwar ta yi huci, ɗan ya bi ta a guje. Jiya har mita ya yi a gaban surukin, tsohon maharbi.

Yau kuwa ɗan ya tsaya cak. Kunnuwa a miƙe, hanci na rawa, idanu na sheƙi kamar an rambaɗa musu kwalli. Gogan naku ya yi ta ɗauka har yatsa ya gaji.

Ya dawo baki har kunne. Surukuwa ta dire masa kwano, ya ci nama har da tanɗe yatsu, ba kunya.

"Baba, yau uwar ba ta leƙo ba. Gobe tare zan ɗauke su, yana shan nono."

Tsoho ya ci gaba da sakace. "Ɗana, ba kai ka ce tana ɓata maka aiki ba? A ƙaro maka, da sauran cinyarta."

A bayan gona ɗan yana nan tsaye, kunnuwa a miƙe.