Akuya Mai Karyayyen Ƙaho

Tun da aka kafa dokar kwashe yara zuwa gidan reno na hukuma, ko gaisuwar iyaye ba ta shiga. Littattafai kaɗai ke shiga.

Shi ya sa Tanimu ya karɓi aikin zana bangon tsohon littafin tatsuniyoyi. Ya zana akuya a gindin tsamiya, ƙaho ɗaya karyayye, kamar wadda 'yarsa Ladiyo ke ba dusa kafin a tafi da ita can.

Hajiya mai tantance littattafan ta daɗe tana kallon zanen.

"Malam Tanimu, akuyar labarin ai ƙahonninta lafiya lau."

"Ranki ya daɗe, wa zai lura?"

"Ɗaya za ta lura." Ta miƙo masa fensir, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ni ma ɗana yana can. Ƙara mini kyanwa kusa da akuyar. Fara, mai ɗingishi."