Gajimaren Kwarin Tsamiya

Tun da aka gano yadda ake ɗaure gajimare, tsohon sansanin sojin sama ya koma wurin rabon ruwa. A filin da jiragen yaƙi ke tashi a da ake turke gizagizan, suna lilo shiru, ba sa tsawa.

Baba Gambo ya zo roƙon guda, geron garinsu ya fara bushewa. Shekara ashirin ya yi yana tuƙa jirgi a nan.

"Baba, ɗaya ya rage, na Kwarin Tsamiya ne," in ji Laftana Ummulhairi, mai rabon. "Amma ku tsofaffin gidan nan kuna da alfarma. In kun ce a ba ku, zan juya shi."

Tsohon ya daɗe yana kallon gajimaren. Ya san garin Kwarin Tsamiya, amma daga sama kawai. Shi aka tura ya jefa masa bam lokacin yaƙi.

"Akwai mutane a can har yanzu, 'yata?"

"Akwai, Baba. Har makaranta sun gina."

"Sakar musu shi."

Ta kwance igiyar. Ya bi inuwar gajimaren a ƙafa har mararraba, inda hanyarsu ta rabu.