Dutsen Niƙa a Ɗakin Ɗaukar Murya

Kai da kake cewa ba za ka fara ba sai komai ya cika, zauna ka ji.

An yi wata tsohuwa a wani ƙauye, har injin niƙa ya shigo garinsu ba ta saki dutsenta ba. Ta ce garin inji ƙaurin ƙarfe yake yi. In ta durƙusa ta zuba dawa, ta kama ɗan dutse da hannu biyu, waƙa da kanta take zuwa. Waƙoƙin niƙa ne da ta gada wurin kakarta: na yabon iyaye, na zolayar malalaci, na kewar garin da aka baro. In ta tura dutse sai ta ɗaga murya, in ta janyo sai ta sauke. Autarta a goye ta fara jin su, bayan uwar yana kai ta yana dawo da ita. Yarinyar ta tashi da kunne mai kyau, Allah kuma ya ba ta karatu, har ta shiga jami'a a birni, sashen da ake koyar da sana'ar waƙa: yadda ake ɗaukar murya, yadda ake tace ta, yadda ake kai ta kasuwa, da yadda mawaƙi zai riƙe haƙƙinsa kada a cuce shi. Ta yi karatun da gaske. Burinta ɗaya ne, ta adana muryar uwarta, don matan ƙauyen duk sun koma inji, ba wadda ta rage da waƙoƙin nan sai ita.

Wani hutu ta dawo gida, ta tarar da tsohuwar tana niƙa. Ta ajiye wayarta kusa da dutsen, ta ɗauki waƙa tun daga farko har dawar ta ƙare. Da ta koma ɗaki ta saurara, sai ranta ya ɓaci. Ga gurzar dutse, ga kaji suna rigima a kan tsaki, ga akuya, ga nishin tsohuwa tsakanin baiti da baiti. A makaranta an koya mata cewa aikin kirki shi ne murya tsantsa, ba ƙara ko ɗaya a bayanta, kuma kunnenta ya riga ya saba da haka. Ta ji kunyar a ce wannan ne aikinta, ta ji kuma uwarta ta fi ƙarfin wannan hayaniya. Ta sa yatsa ta goge. Ta ce, "Inna, bari in kai ki inda ko ƙuda ba ya motsi, a ɗauke ki yadda ya dace." Tsohuwar ta karkaɗe hannu ta ce, "To, Auta. Dutse dai ba ya gudu."

Auta ta cika alkawari. A shekararta ta ƙarshe ta kawo uwar birni, ta shigar da ita ɗakin ɗaukar murya na jami'a, ɗaki mai sanyi, bangonsa lulluɓe da soso, ƙofarsa mai kauri kamar ta rumbu. Aka zaunar da ita a kujera, aka sa makirufo a gabanta, Auta ta koma bayan gilashi ta ɗaga mata hannu. Tsohuwar ta buɗe baki, ta ja rabin baiti, ya tsinke. Ta sake, ya sake tsinkewa. Hannayenta sai motsi suke a kan cinya, suna neman abin turawa. Can ta dubi gilashin ta ce, "Auta, ina dutsen? Ni ba da baki na san waƙar nan ba, hannu ne ke tuna min ita." Auta ta ce ba komai, da an gama jarrabawa za ta ɗauko dutsen a mota. Aka gama jarrabawa, bautar ƙasa ta jefa ta nesa. Ta dawo, ta shiga neman buɗe ɗakin ɗaukar murya na kanta, tana cewa gara Inna ta yi waƙar a ɗakin 'yarta. Kafin a gama manna soso a bango, ciwon kafaɗa ya kama tsohuwar, ta daina durƙuso. Da kaka, ana cikin yankan dawa, ta rasu.

Yau Auta tana da ɗakinta. Mawaƙa layi suke yi mata, don ta iya aiki kuma ba ta cin amana. Muryoyin mutane da yawa sun ratsa hannunta sun fita tas. Amma in ka shiga, a kusurwa za ka ga dutsen niƙa, tsakiyarsa ta lotsa saboda shekaru. Da aka raba gado, shi kaɗai ta roƙa. Wani lokaci in mutane sun watse, takan kunna na'ura, ta durƙusa, ta zuba dawa, ta tura ta janyo, ko hannu zai tuna mata. Baiti biyu ko uku kan zo, sauran sun bi mai su. Sai ta zauna ta saurari abin da ta ɗauka: gurzar dutse tsantsa, ba kaza, ba akuya, ba nishi, ba Inna. Da za a dawo mata da waccan hayaniyar da ta goge da yatsa ɗaya, da ta ba da ɗakin da duk abin da ke cikinsa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, da babu gara ba daɗi.