Wa Zai Ɗebo wa Inna Ladidi Ruwa?

Tun da aka tilasta koyar da ilimin hujja a sakandare, aka rataya wa kowane aji ƙararrawar da ke kaɗawa in an yi magana ba dalili, Inna Ladidi ta rasa mai aike. Ranar da ta ƙule, ta faɗa ajin jikarta Zulai ko sallama babu.

"Malam, ka lalata mini yarinya! In ce ta ɗebo ruwa, ta ce wai ina hujjata. Ni da na goya uwarta!"

Ƙararrawa ta kaɗa. Yara suka sunkuya suka rubuta.

"Yi haƙuri, Inna, umarni ne daga sama," in ji malamin.

Ƙararrawa ta sake kaɗawa.

"Au, kai ba ka tambayar hujja? To tashi, kai za ka ɗebo!"

Ƙararrawa ta yi tsit.