Jiƙaƙƙiyar Rigar Kyaftin

"Umma, gumin wani najasa ne?"

Ina shafa wa ɗana magani a ƙurajen bayansa ya jefo tambayar. Da na matsa, ya ce rigunan ƙwallo goma sha ɗaya kacal makarantarsu ta unguwar Zahir take da su. Manyan 'yan ƙwallo ke fara atisaye bayan la'asar. In sun gama su tuɓe, ƙanana su zura a jiƙe.

Na hau keken ɗinki na ɗinka masa tasa. Washegari na ja abaya na nufi fili, in wanke ustazunsu tas.

Ina isa, kyaftin ɗin manya ya cilla rigarsa sama, yara suka yi mata ca. Nawa ne ya ƙwato ta, leɓe a fashe. Ya matse gumin a ƙafarsa, ya murza.

"Sa'arsa ta dawo kaina! Wallahi yau sai na ci uku!"

Wadda na ɗinka kuwa an danne ta da dutse, ta zama alamar raga.

Ke mai ɗa a ƙananan 'yan ƙwallo, kafin ki zagi malami, je ki laɓe a bakin fili. Ƙazantar da kike jiye masa, kokawa yake a kanta.