Taken Rakiyar Alcide

"Lafiyarka ƙalau, tsoho," in ji Dokta Lucius bayan ya gama duba Alcide a ofishinsa. "Je ka ci gaba da azabtar da fiyano."

Alcide ya yi dariya. Sun daɗe suna kiɗan jaz tare a New Orleans. Shi likitan, ƙaho yake busawa, Alcide kuwa ba abin kiɗan da ya gagare shi. Har taken da za a raka gawarsa da shi ya tsara tuntuni, ya damƙa wa Lucius: "Kada ka taɓa shi sai lokacina ya yi."

Sai da Alcide ya fito bakin titi ya tuna ya bar hularsa, ya koma.

Ƙofar ofishin a kulle. Daga ciki sautin ƙaho ke tashi a hankali, yana rawa, yana tsinkewa.

Lucius ya fara koyon taken.