Kunnen da Ke Toshewa a Aya Ɗaya

A'a, 'yar nan, ba inda za ni. Mayar da gyalen nan, ki ce wa likitan kunne na gode.

E, na sani, kullum da safe yayanki da ihu yake karanta mini Littafi Mai Tsarki, kamar mai tallan kifi. To ni na iya karatu ne? In Zabura ce, ina jinsa sarai. Amma da ya iso inda aka ce mutum ya fara shiryawa da ɗan'uwansa kafin ya kai wa Allah baiko, sai kunnen nan ya toshe. In ce, “Me ka ce? Maimaita.” Ya maimaita. In ce, “Ɗaga murya, ɗana, tsufa ne.” Ya ɗaga har gumi ya keto masa.

Tagar ɗakina kuwa shagon ƙaninku take kallo. Tun da shi da yayanki suka raba kayan kafintancin babanku, ko gaisuwa ba ta haɗa su. Amma na lura, duk sa'ad da aka kai ayar nan, zarton ƙanin naku yakan yi shiru. Jiya kuma yayan naki ya tsaya tsakiyar karatu yana kallon taga, wai wani abu ne ya faɗa masa a ido.

Saboda haka ki ƙyale mini kunnena, kada ki ɓata wa Ubangiji aiki. Ranar da su biyun suka ci abinci a kwano ɗaya zan warke, kuma ni zan fara tashi ba da shaida a coci.